Kwat ɗin da na lasa kafin in saya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta, da ranar da na fara sa kwat a rayuwata na tafi Anka neman aiki. Har yau idan aka yaga ƙyalle kusa da ni, ko da a shagon tela ne, sai hannuna ya tafi baya da kansa ya shafa.

Lokacin shekarata uku da gama makarantar koyon aikin lafiya, ina zaune gida a Bukkuyum. Takarduna suna cikin leda, ledar tana cikin akwati, akwatin yana ƙarƙashin gadon Inna. Waɗanda muka gama tare duk sun kama wani abu, wasu a asibiti, wasu a kemis, ni kuwa aikina taya Inna sayar da atamfa, don sana'arta ke nan a cikin gida tun kafin a haife ni. Sai ga labari cewa wata ƙungiya mai aiki kan gubar dalma tana neman mace da za ta riƙa shiga ƙauyuka irin su Tungar Daji da Tungar Guru, tana yi wa mata bayanin yadda za su kare yaransu. Mace ɗaya tak suke nema. Na cike takarda na aika, bayan mako biyu aka kira ni a waya aka ce in zo intabiyu ranar Talata da ƙarfe goma. Har zan ajiye wayar, mutumin ya ƙara da cewa a zo cikin shiga irin ta ma'aikata. To, wannan magana ita ta kai ni ta baro.

Tsoro ya kama ni tun daga wannan rana. Na san idan wannan ta wuce ni, ban san ranar da wata za ta zo ba, ga shi Inna ta fara cewa da wasa da gaske in daina wahalar da kaina in rungumi atamfa. Na zauna ina tunanin mece ce shigar ma'aikata. Abin da ya zo mini shi ne matan banki da na taɓa gani a Gusau, da kwat da dogon siket, suna tafiya takalmi yana ƙwas-ƙwas. Na ce lallai duk wadda ba ta zo a haka ba, tun daga ƙofa za a sallame ta. (Babu wanda ya faɗa mini haka. Ni na kitsa abina, ni kuma na yarda.) Ranar Asabar na shiga mota sai Gummi.

A nan ya kamata in faɗi wani hali nawa. Ni 'yar mai atamfa ce, kuma ina ji da wannan. A unguwarmu idan aka kawo kayan lefe, ni ake kira in duba. In murza yadi tsakanin yatsu, in kaɗa shi in ji ƙararsa, in jiƙa farin ƙyalle in goga in ga ko yana zuba, in kai bakin zanen ga harshe in ɗanɗana, sannan in yanke hukunci kowa ya yi shiru. Saboda haka da na shiga shagon da aka kwatanta mini a kasuwar Gummi, na shiga ne a matsayin gwana, ba mai neman shawara ba.

Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, ana ce masa Sahabi. Da na faɗi abin da nake so, ya sauko mini da kwat biyu, kowacce da siket ɗinta. Ɗaya ruwan toka ce, gwanjo, mai laushi, ba ta ƙyalli ko kaɗan. Ɗayar baƙa ce sabuwa fil a cikin leda, tana sheƙi, da maɓallai ruwan zinariya. Ya ajiye baƙar gefe, ya juya cikin mai ruwan tokar yana nuna mini shafin da aka yi mata.

"Malama, in kin bi ta tawa, wagga za ki ɗauka," in ji shi. "Dubi ɗinki, biyu-biyu anka yi shi. Dubi yadin da anka bari ciki, ko ƙiba kinka yi tela na buɗa miki. Ja nan ki gani, ko motsi ba ya yi."

A raina na ce tsoho yana son ya manna mini kwantai. A fili kuma na ce, "Baba, wagga ai gwanjo ta. Wata ta sa ta har ta gaji."

Na jawo baƙar na fara aikina. Na murza, na ji tauri, na ce madalla. Na kaɗa, ta yi ƙara irin ta sabuwar shadda. Na jiƙa hankicina na goga, ba ta zuba ba. Daga nan, a gaban dattijon nan da wasu mutum biyu da suka zo sayen riguna, na kama bakin hannun kwat ɗin na kai ga harshena na lasa.

"Mi kinka ji?" in ji Sahabi, a hankali.

"Gishiri-gishiri, Baba. Mai kyau ta."

(Wallahi ban ji komai ba sai ɗanɗanon leda.)

Bawan Allah bai gaji ba. Ya ce gidansa yana bayan kasuwa, iyalinsa suna ciki, in je in gwada, in zauna da ita, in tashi, in ɗaga hannu, in ga yadda za ta yi. Ni kuwa kunya ta hana ni shiga gidan da ban sani ba in tuɓe, ga kuma sauri, don babu mai son la'asar ta riske shi a kan hanyarmu. Sai na yi abin da muke yi a kasuwa: na kama ƙugun siket ɗin na zagaya shi a wuyana. Bakin biyu suka haɗu da ƙyar. Na ce ya yi daidai, na biya, na fito ina jin na fi ƙarfin 'yan kasuwa. Ko sau ɗaya ban juya cikin kwat ɗin nan na duba ba.

Da na isa gida Inna ta ɗaga siket ɗin sama, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Ina sauran yadin?" Na ce haka ake yinsa. Na sa na tsaya gaban madubi, kuma gaskiya a tsaye na yi kyau, har na yi wa kaina tambayoyin intabiyu na amsa. Ban zauna da shi ba, wai don kada ya yamutse. Na cire na rataye.

Ranar Talata da sassafe, ina shiri, Inna ta shigo da fatari a hannu. Wani tsohon fatari ne da aka ɗinka da ragowar atamfa, ja wur, da zanen manyan kaji a jiki.

"Ba ki hita gidan ga da abin ga babu hwatari ciki," in ji ta.

"Inna, ba a sa mishi hwatari."

"To a hwara yau."

Ba ni da lokacin musu, na sa. Sai zif ya ce bai san zancen ba. Na riƙe numfashi, Inna ta dafa ƙuguna da gwiwa tana ja, har ya hau. Na ɗora dogon hijabi har ƙasa a kai, na sa wani ƙarami a jaka, ta yi mini addu'a na fita ina tafiya kamar an ɗaure mini ƙafafu.

Mu huɗu aka cusa a bayan mota. Ina zama na ji wani abu ya ce ƙit a bayana. Ƙaramar ƙara ce, babu wanda ya ji sai ni. Na karkata na zauna a kan cinya ɗaya. Wanda ya san hanyar nan ya san akwai inda ake zuwa daji ya yi duhu, direba ya kashe rediyo, hira ta mutu, kowa ya kama salati yana leƙen gefen titi. Muna shiga wurin motar ta faɗa rami, na sake jin ƙit. Allah ya yafe mini, amma a inda kowa yake roƙon Allah ya raba mu da mutanen daji, ni rabin addu'ata a kan zare take. Ga zafi, yadin nan ba ya shan iska ko kaɗan, gumi yana bin bayana yana gangarawa. Kafin mu shiga Anka na ƙirga ƙit biyar.

Ofishin wani gida ne mai katanga. A bakin ƙofa mai gadi yana karɓar jaka da waya, sai ka fito a ba ka. Na leƙa ciki na hango mata bakwai a kan benci, kowacce da atamfarta ko doguwar riga da hijabi. Babu mai kwat ko ɗaya. Mai hankali a nan zai gane cewa ya yi kuskure, ya bar dogon hijabinsa ya rufa masa asiri. Ni kuwa sai na ce ai ga damar da zan fita daban. Na raɓe jikin katanga na cire dogon hijabin, na sa ƙaramin da ya tsaya iya ƙirji don a ga maɓallan zinariya, na cusa dogon a jaka, na miƙa wa mai gadi da hannuna.

Ban zauna a bencin ba. Wata ta matsa ta ce ga wuri, na ce na fi son tsayuwa. Wata kuma ta taso ta gaishe ni da ladabi, ta tambaye ni ko yaushe za mu fara kiransu, don ta ɗauka ma'aikaciyar wurin ce ni. Kaina ya ƙara girma, na ce ta yi haƙuri, yanzun nan. Amma da na jingina da bango na kai hannu baya a ɓoye, sai na ji yatsuna biyu sun shige ta inda bai kamata a ce akwai ƙofa ba. Na janye hannu da sauri. Na fi awa ɗaya a tsaye ina tsara yadda zan yi: in shiga da ƙananan taku, in zauna a bakin kujera kawai, in na gama in fita da baya da baya. Na maimaita wannan tsari a raina ya fi sau ashirin, har aka kira sunana.

Mutum uku ne a bayan tebur. Akwai wata Hajiya mai kimanin shekara hamsin, ita ce shugabar aikin, daga jin hausarta ba 'yar yankinmu ba ce. Akwai wani ma'aikaci da kwamfuta a gabansa. Na ukun kuwa, da na ɗaga ido na gan shi, nan take na gane shi. Malam ne. Malamin da na yi karatun allo a zaurensa, aminin mahaifina marigayi, wanda ya koma Anka da zama shekarun baya. Ashe sun gayyato shi ne saboda aikin na shiga gidajen mutane ne, suna son dattijon da ya san jama'a ya ga wadda za a ɗauka.

Tun da na yi wayo ban taɓa gaida Malam a tsaye ba. Ba a yi mini tarbiyyar haka ba, kuma ko na so, gwiwoyina ba za su yarda ba. Kaina yana cewa kada ki kuskura, amma kafin ya gama faɗa har na kai ƙasa.

"Allah shi gahwarta Mal..."

Ɓaaarrr!

Ba gajeruwar ƙara ba ce da mutum zai yi tari ya rufe. Doguwa ce, ta taso tun daga ƙasan siket ta bi ɗinkin baya a natse har ta dangana da zif. Kamar wannan bai isa ba, maɓallin kwat na tsakiya ya tsinke, ya faɗi a siminti, ya gangara ƙarƙashin tebur yana juyi, mu huɗu muna sauraronsa har ya kwanta. Na ji iskar fanka tana taɓa fatarin Inna. Na so ƙasa ta buɗe in shige, na so in mutu a wurin, na so a ce mafarki nake.

Malam ya sunkuyar da kai ga carbinsa, ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Ina Innarki?" kamar babu abin da ya faru.

Na ce tana lafiya. Sai na gane cewa muddin ina durƙushe ina fuskantarsu, babu mai ganin bayana, amma da na miƙe shi ke nan. Don haka na ci gaba da gaisuwa. Na tambayi gida, na tambayi iyali, na tambayi ɗalibai, na tambayi zafi, na tambayi gona. Malam yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Da gaisuwar ta ƙare mini, na koma farko na sake tambayar gida.

"Malama, ga kujera," in ji mai kwamfuta.

"Na gode," na ce, ban motsa ba.

Hajiya ta taso ta zagayo bayana. Na ji ta tsaya. Na san kajin nan take kallo. Ta ce, "Malam, a ɗan ba mu minti biyar." Malam ya tashi ya fita yana kallon silin kamar an rubuta wani abu a can, mai kwamfuta ya bi shi, kafaɗunsa suna rawa.

Ana rufe ƙofa na fashe da kuka. Hajiya ta buɗe jakarta ta ciro zanen da take salla da shi ta miƙo mini, ta taimaka na zare abin da ya rage na siket ɗin. Ta juya cikinsa tana dubawa.

"Wa ya zaɓa miki wannan?"

"Ni ta, Hajiya."

"Kin juya cikinsa kafin ki biya?"

"A'a. Lasa nai niy yi."

"Kika yi me?"

"Na lasa. Da harshe."

Matar nan ta yi dariya har sai da ta dafa tebur ta zauna. Da ta lafa ta nuna mini: ɗinki layi ɗaya ne da wani siririn zare, an yi shi a bakin yadi ƙarshe, babu ko rabin yatsa da aka bari. Kalmasar ƙasa ma ba ɗinka ta aka yi ba, da gam aka manna, gumi ya riga ya ɗaga ta. Duk abin da Sahabi ya nuna mini a jikin mai ruwan toka, babu ko ɗaya a nan. Na ce ta yi mini izini in tafi gida, na san na riga na faɗi.

"Kin biyo wannan hanya tun daga Bukkuyum don ki nuna mana kwat, ko don aiki?" in ji ta. "Ɗaura zanen nan ki share fuskarki."

Da mazan suka dawo, ta sa aka shimfiɗa tabarma. Ta ce aikin nan a tsakar gida ake yinsa ba a kujera ba, in zauna in ɗauka su ne matan Tungar Guru, in yi musu bayani. Na zauna, sama kwat mai sheƙi babu maɓalli ɗaya, ƙasa zanen sallar mutane. Na fara. Na ce kada a bari a daka ko a niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Na ce mai gida in ya dawo daga wurin haƙa ya canza kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Na ce a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yara kafin su ci abinci, kada a zuba hatsi a buhun da ya ɗauki dutse. Suka yi tambayoyi na amsa, amma da za a kashe ni ban iya tuna me na ce ba, kuma har na gama ban kalli inda Malam yake ba.

Fitowa ita ce wata azabar. Sai da na ratsa ta gaban matan nan bakwai kafin in kai ga jakata, da siket a dunƙule a hammata. Wadda ta ɗauka ni ma'aikaciya ce ta bi ni da kallo tun daga wuya har ƙafa. Na karɓi jaka na zura dogon hijabina, ban tsaya gyara shi ba.

Inna ta ɗaga siket ɗin ta leƙo ni ta cikin yagewar. Sannan ta ce, "Da ba ki sa hwatari ba, da sai mu tashi daga garin ga."

Kwana tara na yi ba na cin abincin kirki. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in zabura in duba. Na tabbata an ɗauki ɗaya daga cikin masu atamfa, na tabbata labarina ya zagaye Anka, har na fara koyon sakin fuska ga masu sayen zane don na ga nan zan ƙare. A rana ta goma Hajiya ta kira da kanta. Ta ce in zo ranar Litinin in fara, in taho mata da zanenta, kuma don Allah in zo da kayan da zan iya zama da su.

Ranar da na fara aikin na tarar da Malam a bakin ƙofa tare da ma'aikata. Na fara lanƙwasa gwiwa ke nan ya ɗaga hannu da sauri.

"A'a, a'a, ɗiyata! Tsaya daga nan, na amsa."

Kowa ya juya ya kalli wani wuri. Har yau haka yake yi mini duk inda muka haɗu, ko da zane goma na ɗaura.

Na daina lasar kayan mutane, sai dai atamfa, ita ma a ɓoye. Yanzu idan taro ya kama a Gusau na shiga shago neman kwat, ban damu da sheƙinta ba. Cikinta nake fara juyawa, in ja ɗinki, in nemi yadin da aka bari, in sa farce a kalmasa in ji ko gam ne. Sai in shiga in sa, in zauna, in ɗaga hannu, daga ƙarshe in fito tsakiyar shago in durƙusa har ƙasa. Kwanaki wani Alhaji mai shago ya gan ni a haka, ya miƙe a rikice yana cewa, "Lahiya lau, Hajiya, tashi, tashi, ai ban kai haka ba!"

Na ce, "Ba da kai nike ba, Alhaji. Siket ɗin nika gaidawa. In ya amsa, ba ni saye."